Mutumin da Ya Saba da Kome

An yi wani mutum a ƙasar Buza, matashi mai kaifin kai, wanda ya yi lakwal, wato boko, har ya iya rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni tana bi. Sunansa ba zan faɗa ba, don yana raye, kuma ba tonon asiri ya tara mu ba.

Yana da wani aiki nasa na ƙashin kansa, 'yar manhaja da za ta riƙa gaya wa masu lambun albasa na fadamar Tama lokacin ban ruwa. Aikin ya sha lalacewa a hannunsa. Ya gyara nan, can ya rushe, ya nemi na jiya ya rasa.

Sai ya girka abin da masu sana'ar ke kira git. Ku saurara, ba wuya gare shi ba. Ya buɗe dosiyen aikinsa, inda ya tara rubuce-rubucen manhajar, ya buga umarni guda, sai ga rumbu a ɓoye cikin dosiyen, a kan ordinatarsa shi kaɗai, ko rezo na intanet ba ya bukata. Duk sanda ya kai wani mataki sai ya ajiye kamannin aikin a rumbun, ya liƙa masa 'yar magana: "na gyara awon rijiya." In gobe ya ɓata, sai ya ɗauko na jiya ya ci gaba kamar ba a yi ba.

Abu ne mai amfani, ya 'yan uwa, ni ban ga laifin na'ura ba. Amma kun san sunan da ya raɗa wa wannan komawa baya? Kome. Kalmar nan ta shari'a, wadda ake faɗa in miji ya mai da matarsa kafin idda ta cika. Yakan ce wa abokansa yana dariya: "Ni mi za ni tsoro? Ina da kome."

Daga nan bakinsa ya saki. Ya zagi aboki da safe, da marece ya je ya ce a manta. Har abin ya kai ga matarsa Zulaihatu, mace mai haƙuri, uwar 'yarsa. A kan tuwon da ya huce ya sake ta, ya yi kome. A kan zuwa suna ya sake ta, ya yi kome. Surukinsa, Baba Kalla, ya kira shi ya ce: "Yaro, igiya guda ta rage maka." Ya sunkuyar da kai kamar ya ji. Ina! Bai ji ba.

Wata rana da azahar yana tsaka da aiki, batirin ordinatar ya mutu tuni, da wutar sola kawai take tafiya. Zulaihatu ta zare wayar wutar ta sa wayarta ta salula caji, don ta kira mahaifiyarta da ke kwance ba lafiya. Allon ya yi baƙi. Mijin ya miƙe, a gaban maƙwabta biyu da suka shigo shan inuwa, ya ce: "Tahi gidanku, na sake ki!"

Ta ɗauki 'yarta ta fita, ko kuka ba ta yi ba. Shi kuwa ya mai da waya, ya kunna, ya shiga rumbunsa. Kafin ta kai bakin hanya aikin ya dawo, layi kaɗan kawai ya rasa. Subhanallahi! A kan wannan ya rushe gidansa.

Da fushi ya sauka, ya tafi wurin Malam Mahamud, limaminsu, ya ce ya zo kome. Malam ya ce: "Wane kome? Ukku sun cika." Ya ce fushi ne. Malam ya ce ai hankalinsa bai gushe ba, shaidu sun gani. Ya ce to a samo wanda zai aure ta ya sake ta. Malam ya ce la'ananne ne mai yi da wanda aka yi dominsa. Ya bi malamai har Madawa, kowa amsa ɗaya. Duk ƙofar da ya taɓa a rufe take, kuma da harshensa ya rufe ta.

Idda ta cika. Wani makiyayi na Garhanga ya aure ta aure na gaskiya, ba shi da niyyar saki. Mutumin nan yana nan a ɗakinsa har yau. Manhajar ba ta ƙare ba, ya kasa taɓa ta. 'Yarsa ta fara magana a gidan wani, wani take kira Baba. Wallahi nakan ji tausayinsa har zuciyata ta yi nauyi.

Ya 'yan uwa, wa ya ce muku kowace magana ana janye ta? Allah Ya bar ƙofar tuba a buɗe, gaskiya ne, amma bai yi alkawarin mai do muku da abin da kuka fasa ba. Saki ba wasa ba ne. Wanda ya ga ana yafe masa, ya ji tsoro, kada ya saba.

Ya Allah, Ka riƙe mana harsunanmu sa'ad da ranmu ya ɓaci. Allah Ya kiyaye mu da kalmar da ba ta da kome. Amin.