Birnin Barmo da Mitar Tunau

A can zamanin da, tun ƙasar nan ba ta san ƙarar bindiga ba, akwai wani daji da ake kira Dajin Ƙirya. Masu ba da tarihi sun ce faɗinsa tafiyar kwana shida ne ga mai sauri, kuma akwai wuraren da rana ba ta taɓa ganin ƙasa ba saboda duhuwar maɗaci da marke da kanya. Sarƙaƙiya ce ta yi wa dajin zobe, wadda ko gada sai ta sunkuya take ratsa ta. A nan maharbi Tunau ya shekara ashirin yana farauta shi kaɗai. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, mai ƙarancin magana. An ce ɓauna kan kauce masa a hanya, ƙudan zuma kuma ba su taɓa harbinsa ba. Maharba na yi masa kirari: Tunau jikan Yada, kibiya ɗaya nama biyu, mai sawun da raɓa ba ta tonawa.

Wata shekara mahara suka ci garin su Tunau. Magajin garin ya faɗi a fagen daga, ɗansa Barmo ya gaji sarauta a kan hanyar gudu. Tunau aminin marigayin ne, don haka ya fito ya tari mutanen, su wajen ɗari uku, ya bi da su ta wata siririyar hanyar namun daji har gindin wani dutse da ke tsakiyar kurmi. A nan akwai marmaro mai sanyi, wanda ba ya ƙafewa ko da bazara.

Ya ce musu, "Ku yi bukkoki a ƙarƙashin itatuwa, ku sassabe gwargwadon abin da za ku ci. Dajin nan shi ne ganuwarku. Babu mahayin da zai ratso shi."

Barmo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya ce, "Baba Tunau, ɗan Magaji ba ya zama a bukka kamar mai tsaron gona. Birni zan gina a bisa dutsen nan, wanda za a riƙa hangowa daga tafiyar yini."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai dalilin shigowarmu nan ke nan, don kada a hango mu."

Barmo ya yi murmushi, ya ce tsufa ke kawo tsoro.

Shekara bakwai aka yi ana gini. Ganuwar ta kai tsayin mutum biyar, kaurinta kuwa jakai biyu na iya giftawa a kanta. Aka yi ƙofa ɗaya mai ƙyauren ƙarfe, aka yi soraye, aka tayar da hasumiya, aka shafe duka da makuba har suna ƙyalli. Amma kowane soro azara yake ci, sai giginya ta ƙare. Maƙera na son gawayi don ƙyaure da masu, sai aka auka wa ƙirya. Duk safiya Tunau na jin amon gatari, yana lissafa itatuwan da ya sani tun suna ƙanana.

Ya hau dutse ya iske Barmo, ya ce, "Marmaron nan ya ragu da taki ɗaya. Itatuwan da ke bisansa su ke riƙe masa ruwa. A bar su."

Barmo ya ce, "Ka taɓa ganin itace ya haifi ruwa, Baba? Za mu haƙa rijiya a cikin birni."

Aka haƙa, gaba ashirin cikin dutse, aka sami ruwan da bai wuce idon sawu ba, aka yi kiɗa. Tunau ya tsaya a gefe yana girgiza kai, ya yi tsaki ya sauka.

Ya sake hawa da aka share gewayen dutsen don masu gadi su riƙa hangen nesa. Ya kuma hawa da giwaye suka tashi suka bar dajin. Kullum Barmo na karɓarsa da girmamawa, ya sa a kawo masa fura, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Gaskiya ne, Baba," washegari kuma gatari ya ci gaba. Wannan gaskiya ne ɗin ita ta fi ƙona wa Tunau rai. Da zaginsa aka yi, da ya san da wanda yake magana.

Abin da ya ƙure haƙurinsa shi ne ranar da Barmo ya sa aka yanke sarƙaƙiya, aka fitar da gwadabe tun daga ƙofar birni har bakin daji, wai don baƙi su zo su ga ginin. Tunau ya je ya tsaya a tsakiyar gwadaben, ya auna shi da ƙafa.

Ya ce, "Doki huɗu jere. Ranka ya daɗe, ka share musu hanya, saura ka aika musu da ɗan jagora."

Daga nan ya rataya bakansa da kwarinsa, ya koma wani kwazazzabo a yammacin dutsen, inda gangara ta hana masu gatari sauka. Kurmin wurin na nan yadda Allah ya yi shi, da ɗan rafi a ƙasansa.

Baƙin kuwa suka zo. A bazara ta biyu maharan da suka ci garinsu na farko suka biyo gwadaben, doki huɗu jere. Ba su ko taɓa ganuwar ba. Suka kafa sansani a filin da aka share, suka zauna a kan marmaron, suka jira. Cikin kwana tara rijiyar birni ta koma taɓo. Mata na matse laka a zane don su jiƙa leɓen jarirai, tsofaffi biyu suka rasu.

Tunau na hangen angulu na shawagi bisa hasumiya. Ya yi yini guda yana gunaguni, yana cewa babu inda zai je, ai ya faɗa. Kashegari ya ɗaura ɗamara. Ya san wata tsaga a bayan dutsen da rema ke bi, wadda ta ɓulla ƙarƙashin rumbunan birni. Da rana ta take, mahara duk sun fake a inuwar garkuwoyinsu, don babu itacen da ya rage musu su ma, sai ya kutsa ya shiga.

Ya iske Barmo a zaure, leɓensa ya tsattsage.

"Tashi. Yara da mata a gaba, kowa ya ɗauki abin da hannu ɗaya zai riƙe."

Barmo ya ce, "Ganuwar fa ba ta faɗi ba, Baba. Ko tubali ɗaya ba su cire ba."

"To ka sha ta."

Sai Barmo ya tambaya ko za a iya fitar da ƙyauren ƙarfen ta tsagar, tun da shekara biyu aka yi ana ƙera shi. Tunau ya kama shi a wuyan hannu, ya ja shi.

Yini uku ana zarewa ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe mahara suka farga, suka biyo su gangaren. Tunau ya tsaya a baya, ya bugi wata tsohuwar kuka da gindin bakansa sau uku. An ce ƙudan zuman da suka fito sun rufe rana. Dawakai suka yi ta tuma, mahayan suka juya, ba wanda ya sake gwada kwazazzabon.

Mutane suka sha ruwa, suka kwanta a inuwa, rai ya dawo. Da gari ya waye Barmo ya zaga kurmin, ya dawo fuskarsa a sake, ya ce, "Baba Tunau, na ga maɗatai masu kyau a nan. In aka sare ɗari biyu, ina jin za su ishe mu ƙofa da hasumiya."

Tunau ya ajiye bakansa a ƙasa a hankali. Mutumin da a da sai ya yini bai yi magana goma ba, ranar nan ya buɗe baki. Ya fara daga giginyar farko da aka kayar, ya bi ta kan marmaro, da rijiya, da giwaye, da gwadabe, ya kira sunayen tsofaffin da ƙishi ya kashe. Bai yi zagi ba, bai kuma tsallake kome ba. Tun hantsi yake yi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Sau ɗaya Barmo ya buɗe baki zai ce gaskiya ne, Tunau ya ɗaga masa yatsa.

"Kada ka ƙara gaya mini haka. Ka yi shiru kawai."

Barmo ya yi shiru, ya sunkuyar da kai a gaban jama'arsa, bai kuma sake zancen ganuwa ba har ya bar duniya.

Maharan sun shiga birnin, suka tarar ba ruwa, suka ɓalle ƙyauren suka tafi da shi. Gara ta cinye azara, damina ta narkar da soraye, manoma suka yi ta kwasar ƙasar ganuwa suna zubawa a gonakinsu. A hankali marke da ƙirya suka sake hawa dutsen. Yau wanda ya je kufan ba zai ga kome ba sai wani dogon tudu da ya kewaye shi, da fasassun tukwane in ruwa ya wanke ƙasa.

Garin da aka kafa a bakin kwazazzabon shi ake kira Kurmin Tunau, ba shi da ganuwa, ba a kuma shiga kurminsa da gatari. Kowace shekara bayan kaka, Magajin garin kan fito ya zauna a kan buzu, ba rawani. Sarkin Baka, wanda dole jinin Tunau ne, sai ya tsaya a kansa ya zayyana masa duk kurakuran da ya yi a shekarar, tun hantsi har rana ta take. Magaji ba ya amsawa, ba a kuma yarda ko kai ya gyaɗa ba. Ranar Mita suke kiranta.