Motar da Ba Ta Wuce Tsamiya

Akwai wani manomi a Dayi mai suna Mahadi, wanda ya gaji tsohuwar gingimari mai bodin katako daga mahaifinsa. Da ita tsohon ya yi jigilar auduga zuwa Funtuwa. Shekara talatin tana kwance a bayan gida, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta.

'Yan'uwansa suka ce a sayar wa masu yankan ƙarfe kowa ya huta. Mahadi ya roƙi arziki, suka ba shi wa'adi zuwa ƙarshen kaka: in ba ta kai masara kasuwa ba, a yanka ta.

Ya sauya taya, kafinta ya sabunta katako, ya ɗauko makaniki tun daga Zariya. Ranar da ta tashi har da guɗa.

Sai dai wani abin mamaki. Tana isa tsamiyar bakin titi sai ta yi tari ta mutu. A turo ta gida, washegari ta tashi lafiya lau, ta je tsamiya ta mutu. Mutanen gari suka ce ai dama tsamiya gidan aljanu ce. Mahadi bai yarda ba. Ya auna tazarar da ƙafa, ya leƙa tanki, ya sa aka kwance inji sau biyu. Abin ya tsaya masa a rai kamar ƙayar kifi.

Akwai wani dattijo, Malam Bature, da idonsa ya yi rauni. Sau uku yana dogaro sanda ya zo wurin.

"Mahadi, motar nan..."

"Baba, aiki muke. Ga na goro."

A ransa yana cewa, wanda ba ya ganin gabansa me zai gani a inji?

Wa'adi ya cika. Mai yankan ƙarfe ya iso da tukunyar gas. Mahadi ya tsaya jikin motar cikin baƙin ciki.

Sai ga Malam Bature. "Kafin ku yanka, ku bar ni in zauna a kujerata."

"Kujerarka, Baba?"

"Shekara goma sha ɗaya ni nake jan ta. Lokacin kana goye."

Aka kama shi ya hau. Ya shafa sitiyari, sannan ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya murɗa wani abu.

"Famfon mai ne. Ni da mahaifinka muka ɓoye shi saboda ɓarayi. In an rufe, man ɗiga kawai yake yi. Ɓarawo ya tayar, iyakarsa tsamiya. Ni na rufe shi ranar da muka ajiye ta. Hau ka ja."

Mahadi ya ja, dattijon na gefensa. Ga tsamiya, ga tsamiya, suka wuce ta, mota na gurnani. Kunya da murna suka haɗe masa lokaci guda.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

Dattijon ya yi murmushi. "Sau uku na zo faɗa maka, ɗana. Goron dai na ci, amma ba shi ya kawo ni ba."

Darasi: Ba kowane tsoho da ya tsaya a ƙofarka ne ya zo karɓa ba, wani kawo maka ya yi. Ka bari ya ƙarasa maganarsa. Tura wa wanda har yanzu yake da dattijo a kusa da shi.