Reshen Mangwaron Gidan Inna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso bakin tabarma.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata mata ce wai ita Ladingo. An kai ta gidan miji can wani gari a hayin kogi. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba, amma kullum abu ɗaya ke cin ranta: mangwaron gidan uwarta. Bishiya ce a bakin rijiya. 'Ya'yanta ba tsami, ba zare, in ka gatsa sai ruwan ya bi hannu har gwiwa.

Da uwar ta rasu, Ladingo ta zo zaman makoki, ta koma da ƙwallon mangwaron ƙulle a bakin zane. Sai ta binne shi a bayan ɗaki. Sai ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ana nan ta haifi 'ya mace, aka sa mata Yalwa. Yarinya na girma, bishiya na girma, uwa na ta ba ta labarin zaƙin da ke tafe. Ranar da ya nuna, Yalwa ta gatsa, sai ta yamutsa fuska ta ce haƙoranta sun mutu.

Ladingo ta ce laifin ƙasa ne. Sai ta koma gida ta ɗauko wani ƙwallon, ta shuka a bakin fadama, ta yi ta kai masa taki a ƙwarya. Shekaru suka shuɗe. Da ya yi 'ya'ya, sai ga zare kamar me, Yalwa ta wuni tana sakace. Mijin ya ce a tara masa, zai tufka wa jaki igiya.

"Inna," in ji Yalwa, "anya mangwaron nan naki ba a mafarki kika sha shi ba?"

Ladingo ta yi dariya, amma ranar ba ta ci tuwo ba.

Sai ta sake komawa, ta zaɓo ƙwallo na uku, ta shuka a ƙofar ɗakinta inda za ta riƙa gani. Wannan kam ta tashi kyakkyawa, ganye luf-luf. Yalwa ce ke ba ta ruwa, a inuwarta take wasan 'yar tsana. Shekarar da ta fara fure, sai ga saƙo daga Tanimu, ƙanen Ladingo: gara ta cinye tsohuwar bishiya, zai sare ta kafin ta faɗo wa mutane.

Ladingo ta haye kogi ko mayafi ba ta daidaita ba. Ta tarar da bishiya ta bushe, saura reshe ɗaya mai ɗanyen ganye. Sai ta zauna a gindinta tana kuka, tana cewa sau uku tana shuka 'ya'yanta, biyu ba su biyo ta ba, na ukun kuma bai nuna ba tukuna.

Sai bishiya ta yi magana.

"Ke kin biyo uwarki a komai?"

Ladingo ta share hawaye, bishiya ta ci gaba.

"Ƙwallona ɗana ne, ba ni ba ce. Ƙwari ke yawo daga furen wannan zuwa na waccan, ni kaina ban san wanda zai ɗauko ba. In ni kike so, yanki reshen nan."

Sai ta koya mata abin da masu lambu ke kira aure: a sare kan ƙaramar bishiya, a tsaga, a fere reshe a cusa, a ɗaure tam, a shafe da kakin zuma. Ta ce manyan biyun da Ladingo ta fara shukawa sun tsufa, ƙaramar ce za ta karɓe ta.

"Ga ta da fure, ko ɗanɗana nata ban yi ba," in ji Ladingo.

"Ba kuwa za ki taɓa ɗanɗanawa ba," in ji bishiya.

Ladingo ta yanki reshe, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta kamo hanya. Da Yalwa ta ga wuƙa, sai ta rungume ƙaramar bishiyar.

"Ki bari ta yi 'ya'ya mu gani, Inna. Wa ya sani, ko ta fi ta Kaka?"

Ladingo ta buɗe tsumma, ta ga ganye ya fara yaushi. Reshen ba zai kai lokacin nuna ba, uwarsa kuma tana can tana jiran gatari. Sai ta janye yarinyar a hankali. Sai ta sare. Fure ya zube a ƙasa, awaki suka taru.

Ta tsaga, ta cusa, ta ɗaure. Kullum da safe sai ta leƙa. Rannan sai ga jan toho. 'Yan damina kaɗan ya yi 'ya'ya. Ladingo ta gatsa, sai hawaye: shi ne, ba ragi. Yalwa ta sha uku, babanta ya nemi ƙari. Can Yalwa ta shafa tabon da ke jikin bishiyar ta ce, "Ita ta ƙasan nan fa, da an bar ta, yaya nata zai kasance?"

Kowace damina ta ƙasan takan fito da nata toho a ƙarƙashin tabo, in an bar shi zai danne reshen. Sai Ladingo ta durƙusa ta tsinke.

Ƙurunƙus, ga kan kusu a tabarma. Wanda ya shuka ƙwallo ya san sabon abu zai samu. Wanda ya nace sai tsohon zaƙi, sai ya sare wani abu.

Ni da na faɗa muku ma ban tsira ba. Babbar 'yata ta ajiye saƙar faifan da na gada wurin uwata, wai ita ɗinkin keke take so, ni kuwa idona ya fara rauni. Ku iyaye 'yan'uwana, ku gaya mini, in tsinke tohon nan ne, ko in bar shi in ga abin da zai haifa?