Ruwan Ranar Lahadi

Akwai wata yarinya da ta yi nisa a jami'a. Karatunta a kan abincin jama'a ne, da lafiyarsu, da muhallinsu, da kuma masu yanke hukunci a kai. Ba ta gama ba, amma tuni a gida ake kiranta Dakta, ita kuma tana amsawa.

Wata shekara yaran unguwarsu suka yi ta ciwon ciki. Kwamitin lafiya ya zargi ganyen kasuwa, ya sa Dakta ta bincika. Binciken kuma shi ne aikinta na kammala karatu. In ta ce laifin masu sayarwa ne, za a tashi rumfunan mata goma sha biyu.

A bakin rafi ake noman ganyen, da ruwansa ake ban ruwa. Sau shida Dakta ta je da kwalabe ta ɗebo, aka gwada, aka ce ƙalau yake. Sai ta rubuta cewa rafi ba ruwansa, bahon wankin matan ne ƙazami.

Cikin matan akwai gwaggonta, yayar babanta, wadda ta shekara talatin tana wanke latas da alayyahu. Ranar Litinin Dakta ta tsaya a kanta, ko rusunawa babu.

"Gwaggo, gara ki ji daga bakina. Jibi zan miƙa takarda. Ki fara neman wata sana'a."

Gwaggo ba ta ɗago ba, tana ta karkaɗe latas.

"Wace rana kike zuwa rafin?"

"Ba maganar rana ba ce, Gwaggo. Na'ura ce ta gwada."

"Na'urar ce ta kai kanta? Na ce wace rana."

"Lahadi. Ranar ce ba ni da aji."

"Ke kaɗai ke hutun Lahadi? Kamfanin rinin da ke sama da gonakin fa? Kin je gaida rafi ranar da ya yi wanka ya ci ado. Ki koma gobe da hantsi. Ki bar na'urar ta huta, ki tafi da hancinki."

Mai tumatir ta leƙo daga rumfarta ta ce, "Dakta, in babu hanci a jakarki, mu ara miki namu."

Ran Dakta ya ɓaci. Washegari ta je rafin ne kawai don ta rufe musu baki.

Tun kafin ta sauka gangaren wari ya tare ta. Ruwan ya koma shuɗi, kumfa na bin gefen kwalbati, injin ban ruwa kuma yana ta zuƙa yana watsa wa latas.

Wani manomi ya ce mata, "Kullum haka yake, ban da Lahadi. Sau uku muna gaya wa kwamiti. Sun ce mu kawo a rubuce. Wa zai rubuta mana?"

Da ta kai wa malaminta labari, ya faɗa mata gaskiya: in ta sake daga farko, abokan karatunta za su fita su bar ta. Shugaban kwamiti kuwa cewa ya yi, "'Yata, takardar farko ta ishe mu. Kamfani yana da lauyoyi. Rumfa ba ta da kowa."

Dakta ta ce, "Tana da ni."

Ta fasa miƙa takardar. Wata huɗu tana ɗibar ruwa, kowace rana da kwalbarta, har Lahadin. Abokanta suka sa rigar yaye ba da ita ba. Da sabuwar takarda ta fito, babu wanda ya sake maganar tashin rumfa, kuma aka tilasta wa kamfanin ya tace ruwansa kafin ya saki.

Ranar ta zo kasuwa, ta rusuna har ƙasa.

"Gwaggo, na sa sunanki a shafin farko."

"Ni da ban san alif ba, me zan yi da shafi? Naɗe hannun rigarki ki kama wancan bahon. Kuma ki buɗe tsakanin ganyen, can ƙasa take ɓuya."

Ta naɗe, ta kama.

Darasi: Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ban raina mai karatu ba. Amma kafin ka rubuta abin da zai raba wani da abincinsa, je ka rusuna ka tambayi wanda hannunsa ke cikin aikin kullum. In kuma ka gane ka yi kuskure, gyara, ko da za a fita a bar ka. Ku tura wa 'ya'yanku da jikokinku masu boko, su karanta har ƙarshe.