Jatau Mai Rogo da Ƙofar Makaranta

Salamu alaikum 'yan gidana, masu bina da alheri da masu bina don su ga inda zan yi tuntuɓe, duk ina gaisuwa. Yau wa'azi na zo da shi. E, ni ɗin. Kai mai dariya a can baya, na gan ka. Ku gyara zama in ba ku labari, kuma kar wanda ya tashi ɗebo ruwa a tsakiya.

An yi wani mutum a wani gari, da daɗewa, wani bawan Allah ana ce masa Jatau mai rogo. Dafaffen rogo da garin ƙuli, sana'ar ke nan. Yana kafa tirensa a rumfar shagon wani Alhaji Dikko, daidai tsallaken ƙofar firamaren gwamnati. Tsakaninsa da ƙofar nan titi ne, titin da manyan motoci ke bi. Da an tashi tara, yara su kwararo kamar an buɗe akurki, su tsallako a guje. Kafin a koma aji tire ya yi fes. Da wannan yake ci da iyalinsa.

Sai aka kira gari a zauna a tsara abin da za a yi wa makarantar a shekaru masu zuwa. Hedimasta ya ce gwamnati za ta kawo nata, amma gari ne zai faɗi abin da yake so. Aka yi ta zama. Rijiya, kowa ya yarda. Katanga, kowa ya yarda. Magina suka ce hannu nasu ne, masu amalanke suka ce yashi nasu ne, mata suka ce girkin ma'aikata a bar musu. Abin gwanin sha'awa, sai da aka zo kan ƙofa.

Hedimasta ya ce a toshe ta titi, a buɗe wata ta baya, ta cikin unguwa. Alhaji Dikko kuwa, shi ne shugaban kwamitin iyaye, kuma littafi da fensir da alawa yake sayarwa, ya ce makarantar da ta juya wa titi ƙeya, wane baƙo zai san da ita? Gari ya rabu biyu.

Ku saurara, ga inda gizo ke saƙar. Ƙofar baya, in an buɗe ta, zauren Inna Tasalla take kallo. Me Inna Tasalla ke sayarwa? Rogo da ƙuli. Kuma ta sha faɗa a gidan biki wai rogon Jatau ɗaci gare shi.

Ana gobe zaman ƙarshe, Alhaji ya leƙo daga shago ya ce, "Jatau, ni da kai jirgi ɗaya ya kwaso mu. Gobe ka san inda bakinka zai faɗi. Kuma ka tuna inuwar wa kake sha."

Jatau ya ce, "Allah ya kai mu, Alhaji." A gida ma matarsa Lantana ta ja masa kunne, ta ce kar ya je ya yi mata malanta a gaban manya, tukunya ba ta san wa'azi ba.

To garin nan suna da wata al'ada: ba a rufe taro sai an ji ta bakin na wajen takalma, wato wanda ya fi kowa zama a baya. Jatau kuwa dama can wajen zamansa ke nan. Alhaji har murmushi yake, ya san ya ajiye mutuminsa a can. Mai gari ya ɗaga kai ya ce, "Malam Jatau, kai ne kullum a bakin titin nan. Me ka gani?"

Da ni ne, ko kai, mun san abin da za mu ce. Duk yadda manya suka yanke. A shafa fatiha, kowa ya tsira da tirensa.

Bawan Allah ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban taɓa zuba wa yaro ƙuli da ido biyu ba. Ɗaya na kan tire, ɗaya na kan titi. In mota ta taka birki sai in yi salati, don ni suke tsallakowa su samu. A toshe ƙofar nan."

Wani dattijo ya tambaye shi, to shi da me zai ci? Ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Daga nan babu wanda ya iya buɗe baki ya kare shagonsa, tunda mai tire ya sallama tirensa. Aka yanke a toshe.

Kuna jira in ce washegari ya tsinci tukunyar zinariya ko? Babu. Alhaji ya ce zai yi gyaran rumfa, Jatau ya gane karatun, ya ɗauke kayansa. Aka ce masa ya koma ƙofar baya, ya ce zauren Inna ne, ba zai je ya kasa rogo a bakin tsohuwa ba. Ya ɗora tire a ka, ya shiga tasha yana talla cikin rana. Ciniki ya ragu, nama ya yi ƙaura daga miya, Lantana ta yi mita har ta gaji. Ranar ginin katanga kuwa, da hannunsa ya jera bulo a tsohuwar ƙofar, yana yi yana tsokanar magina wai layinsu ya karkace.

Wata rana suna cin abinci Lantana ta tambaye shi, tsakaninsa da Allah, bai yi nadama ba? Ya suɗe hannu ya ce, "Da ina cin tuwo da faɗuwar gaba, yanzu da miyar kuka nake ci. Wannan ya fi daɗi."

To jama'a, ga wa'azin. Shawarar gari ba ta gyaruwa sai an samu mai faɗin gaskiyar da za ta rage masa tuwo. Mu kuwa, a kira taron makarantar 'ya'yanmu, rabi ba za mu je ba, rabin da suka je kuma kowa aljihunsa yake lalubawa kafin ya ɗaga hannu. Mu ji tsoron Allah, yaran nan namu ne.

Yanzu ku faɗa min, ban da ƙarya, don na san ku. Abincinka na tsallaken titi, mai gari ya ce me ka gani. Me za ka ce?