Tafin Hannu a Bakin Rumbu

"Mantau, in na ce ka fasa rumbun nan yau, za ka fasa?"

Yalwa tana bayan ƙofar zaure da ƙwaryar ruwa a hannu ta ji tambayar nan. Mijinta, Waziri Mantau, ba wanda ke kiran sunansa haka kai tsaye sai mutum ɗaya a duk ƙasar. Ta leƙa ta kafar asabari. Sarki Jatau ne zaune bisa buzu, cikin riga irin ta talakawa, ba dogari ko ɗaya, da tsakar rana lokacin da zafi ya kori kowa daga hanya.

A zamanin da ne aka yi haka, a wata ƙasa da damina ta yi wa rowa shekara biyu a jere. Da aka tattara ɗan abin da gonaki suka bayar, Sarki ya sa kowane gida ya kawo damin gero guda, aka zuba a babban rumbu a ƙofar fada don ya zama iri. Aka liƙe bakinsa da yumɓu, Waziri ya danna tafin hannunsa tun yumɓun na ɗanye. Sarki ya rantse gaban malamai cewa ba mai fasawa sai mai hannun, kuma sai ruwan shuka ya sauka, ko da shi da kansa ne ya nema.

"Ba zan fasa ba, ranka ya daɗe," in ji Waziri.

Sarki ya ce da safiyar nan mata uku suka zauna a ƙofarsa da goyo, ba su roƙi kome ba, rumbun kawai suke kallo, shi kuma ya kasa haɗiye ko ruwa. Waziri ya amsa masa cewa shanun fada na nan tsaye a turke, a yanka su, a buɗe ɗakin abincin fada kamar yadda shi ya buɗe nasa. Irin nan in aka ci, kwana ashirin zai kai gari, sannan ruwa ya sauko ya tarar da gonaki babu abin binnewa. Sai Sarki ya ce da wata murya da Yalwa ba ta taɓa zaton sarakuna na da ita ba, "Na so ka ce mini to." Ya tashi ya fita. Ita kuwa ta koma ciki da ruwanta, ba ta kai ba.

Aka yanka shanun. Naman bai yi mako biyu ba, zagi ya koma kan Waziri. A gidansa ganyen tafasa da dusa ake ci, amma wa zai yarda? Tabawa, tsohuwar maƙwabciyarsu, in ta shigo ɗibar wuta sai ta tsaya tana duban tukunya tana cewa, "Amarya, ke kam Allah ya yi miki, kin auri mai rumbu. A gaida mana shi, a ce muna nan, ba mu gama mutuwa ba." Yalwa, wadda ko sunan mijinta ba ta iya faɗa don kunya, sai ta sunkuyar da kai ta miƙa mata garwashi.

Ana nan wata safiya aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, gari ya ɗauki guɗa. Yalwa ta je bayan madafa binne toka, ta haƙa, ta tsaya tana duban ramin. Da Waziri ya fito zai tafi fada, ta ajiye masa takalma, idonta a ƙasa, ta ce, "Maigida, yatsa biyu ne suka jiƙa. Ƙasa da nan a bushe take." Ya dube ta, ya koma zaure ya sauko da zangarniyar gero ɗaya da ta rage masa a rataye.

Abin da ya faru a fada, Tabawa ce ta kawo mata kafin azahar. Galadima Cindo, wanda tun haihuwarsa bai taɓa riƙe fartanya ba, ya miƙe ya ce ga ruwa ya zo, alkawari ya cika, a fasa. Manoma sun san wannan ba ruwan shuka ba ne, amma yunwa ta rufe musu baki. Sarki ma bai tsawata wa Galadima ba. Sai Waziri ya warware rawaninsa ya ajiye gaban Sarki, ya tsaya da furfura a waje.

"Ranka ya daɗe, rawani naka ne, ga shi. Hannun nan kuwa ba zai taɓa yumɓun can ba. A shuka wannan zangarniya a ƙofar fada. In ta kai kwana goma da rai, ka naɗa Galadima Waziri, ya fasa."

Aka shuka. Rana ta uku tsiro ya fito kore shar, mutane suka riƙa zuwa kallo, masu wucewa ta ƙofar Waziri suna tambayar ko a ara masa hula. Shi kuwa kullum sai ya fita kai ba rawani, ya bi ta tsakiyar kasuwa, bai sauya hanya ba. Rana ta shida ganye ya nannaɗe. Rana ta takwas ya zama kamar zaren da ya ƙone. Ba wanda ya ba Waziri haƙuri, amma ba wanda ya sake zancen fasawa.

Sai da aka ƙara kwana goma sha biyu, bayan an kai wasu kushewa, sannan hadari ya taso daga gabas da la'asar, aka sheƙa ruwa har kududdufai suka cika. Da gari ya waye Waziri ya durƙusa a ƙofar fada ya tura hannu cikin ƙasa har gwiwar hannu, ya zaro shi da laka. Da hannun nan ya fasa yumɓun. Kowane gida ya karɓi daminsa. Sarki ya mayar masa da rawani da kansa, Galadima kuwa aka ba shi fartanya, aka ce ya nome gandun fada daminar nan da hannunsa, ya san zurfin ruwan shuka.

Da kaka ta yi, rumbuna suka cika, maroƙa suka yi ta kirari cewa Sarki Jatau dutse ne, ko sau ɗaya zuciyarsa ba ta girgiza ba. Tabawa ta shigo da akushin tuwo, ta ce, "Amarya, ke da ke kusa da manya, gaskiya ne wai Sarki bai taɓa ko tunanin fasawa ba?"

Yalwa ta tuna rigar talakawan nan, da muryar da ta ce na so ka ce mini to. Ko mijinta bai san ta ji ba. Ta karɓi akushin da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce ita ina ta san zancen fada. A ranta ta ƙudurta cewa abin da aka faɗa a zauren nan, a zauren zai tsaya.