Yadda Kunkuru Ya Gyara Labarin Kakansa

An yi wani Kunkuru a bakin tafkin Mai Bado, tsoho mai son girma, wanda in ka gaishe shi ba ka rusuna ba sai ya kwana da abin a ransa. Maƙwabtansa biyu ne. Akwai Bushiya, wadda bakinta ya fi ƙayarta tsini. Akwai kuma Gada, baiwar Allah, wadda duk abin da babba ya faɗa ta ɗauka ke nan.

Gidan su Kunkuru ne ke riƙe da tatsuniyoyin dajin tun kaka da kakanni. Kullum in rana ta faɗi sai 'ya'yan dabbobi su taru a ƙofar raminsa. Cikin labaran akwai guda ɗaya da kakarsa ta damƙa masa da gargaɗi. Ta ce, "Sauran ka sa musu gishiri yadda ka ga dama. Wannan kuwa, kada ka ƙara, kada ka rage."

Ga yadda labarin yake. Wai a zamanin da an yi fari har tafkin ya ƙafe. Dabbobi suka bi busasshen rafi zuwa gindin wata tsagaggiyar kuka, inda hanya ta rabu biyu. Ta dama shimfiɗaɗɗiya ce mai gangara. Ta hagu hawa ce, duwatsu da sarƙaƙiya. Kakan kunkuru ya ce ai ruwa gangare yake bi, ya ƙi jin maganar kowa, ya yi dama. Bai yi nisa ba ya zame cikin kwazazzabo, ya faɗi rigingine, ƙafafu huɗu a sama, har kwana uku. Sauran suka yi hagu, suka sami idon ruwa a ƙarƙashin dutse. Kakan bushiya ne ya dawo nemansa, ya sa hanci ya birkice shi.

To, nan ne fa gizo ke saƙar. Duk ranar da Kunkuru ya kai wurin faɗuwar nan, sai yara su fashe da dariya. Wasu har su kwanta rigingine suna wutsil-wutsil da ƙafafu. Kunkuru yakan yi yaƙe kamar abin bai dame shi ba, amma kunya ce ke cinsa har cikin ƙoƙon bayansa.

Sai ya fara gyara. A shekarar farko kwana uku suka koma wuni ɗaya. A ta biyu, kakan ba faɗuwa ya yi ba, hutawa ya kwanta yi. Kafin shekara biyar babu kwazazzabo a labarin sam. Kakan kunkuru ya ce a yi dama, aka yi dama, aka sami ruwa, kakan bushiya kuwa shi ne mai ɗaukar masa jaka.

Ranar da Bushiya ta ji wannan, ta tsaya a bayan yara ta ce, "Malam Kunkuru, ina wurin da aka birkice kakanka?"

Kunkuru ya ce, "Wa aka birkice?"

"Kakanka mana. Kakata ta gaya mini da hancinmu aka tashe shi."

"Kakarki ce ke riƙe da labarin, ko tawa?"

"Taka ce. Amma ban ji an ce ta bar maka shi don ka yi masa aski ba."

Kunkuru ya miƙa wuya ya ce, "In kin san shi, bismillah, ga yara. Faɗa musu daga farko har ƙarshe."

Iyakar abin da Bushiya ta sani ke nan, birkicewar. Ba ta san dama ba, ba ta san hagu ba. Ta tafi tana gunaguni, yara suka bi ta da dariya. Kunkuru ya ji daɗi ranar, don karo na farko ke nan da dariyar ba a kansa ta sauka ba.

Shekaru suka shuɗe. Waɗanda suka ji labarin na asali suka tsufa suka mutu, shi kuwa kunkuru ba ya gaggawar komai, har mutuwa. Gada ma da sabon labarin ta tashi, ta haddace shi tsaf.

Ana nan sai wata shekara damina ta ƙi. Tafkin Mai Bado ya janye, ya koma taɓo, taɓon ya tsattsage. A daidai lokacin ne Gada ta haifi ɗanta na fari, nononta kuma ya fara ƙafewa.

Dabbobi suka taru neman mafita. Gada ce ta ce, "Me ya sa muke zaune? Ba ga labarin Baba Kunkuru ba? A bi rafi, a kai tsagaggiyar kuka, a yi dama. Ai don irin wannan rana aka ajiye shi."

Kunkuru kuwa bai taɓa tunanin haka ba. Shi duk tsawon shekarun nan tatsuniya ya ɗauke shi, abin sa yara barci. Sai yanzu ya gane abin da kakarsa take nufi. Hanya ce aka ɓoye a cikin labari don kada a manta da ita.

Aka kama hanya da sassafe, aka sa shi a gaba don girmamawa. Ya yi ta addu'a a ransa Allah ya sa babu wata kuka. Kwana biyu suna tafe, sai ga ta tsaye, a tsage kamar yadda aka faɗa, ga hanya ta rabu biyu.

Gada ta rusuna ta ce, "Baba, dama ko?"

Yara, a nan ne ya kamata ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce tak. Ya dubi taron, ya ga Bushiya ta zuba masa ido, ya tuna dariyar nan. Ya ce a ransa wataƙila can ma akwai ruwa, ai ruwa gangare yake bi.

Ya ce, "Haka labarin ya ce."

Aka yi dama. Hanya mai daɗin tafiya, babu ƙaya, babu dutse, babu kuma ko ɗigon ruwa. Da rana ta take tsaka a wannan ranar, suka iso bakin wani kwazazzabo, hanya ta ƙare. Ɗan Gada ya durƙushe a kan yashi mai zafi, harshe a waje. Uwar ta yi ta lasar fuskarsa da busasshen harshe, ta tura shi da hanci, bai tashi ba.

Ko a lokacin ba ta zargi kowa ba. Ta juyo ta ce, "Baba, ka gafarce ni, ina jin ni ce na kuskure wani wuri a labarin. Ka sake faɗa mana shi, ko mun tsallake wata alama."

Da zagi ta yi masa, da ya fi masa sauƙi. Kunkuru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya mai da kansa cikin ƙoƙo, daga can ciki ya ce, "Ai ba a tatsuniya da rana. An ce mai yi ɓata yake."

Bushiya ta matso ta ƙwanƙwasa bayansa. Ta ce, "To ai mun riga mun ɓata, Malam. Me ya rage? Fito ka faɗa. Wannan kwazazzabon da nake gani, kamar na san labarinsa."

Kunkuru na can cikin ƙoƙonsa. Yana jin numfashin ɗan Gada yana fita da ƙyar. A hankali ya fito da kai, bai iya duban kowa ba, ya kafa ido a ƙasa.

Ya ce, "Ba ki kuskure ba, 'yata. Ni na canza shi. Hagu ne. Nan inda muke tsaye, nan kakana ya faɗi rigingine, kwana uku, sai da kakan Bushiya ya birkice shi. Na ji kunyar dariyar yara, na cire. A gindin kuka ma da kika tambaye ni, na sani."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Bushiya, wadda ta yi shekaru tana jiran wannan rana, ba ta yi masa gori ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ina idon ruwan yake?" Ya faɗa mata alamomin ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara ba, bai rage ba.

Gada ta juya masa baya. Ta roƙi wani gwanki ya goya mata ɗanta, aka juya da gudu. Ba wanda ya jira Kunkuru.

Shi kaɗai ya komo gindin kuka, shi kaɗai ya hau duwatsun hagu, ƙaya na karce shi. Kwana huɗu ya yi, kuma duk tsawon hanyar tambaya ɗaya ce a ransa, ko yaron ya kai. Da ya hango idon ruwan sai ya tsaya a bayan wani dutse, ga ƙishirwa kamar ta kashe shi, amma ya kasa ƙarasawa.

Gada ce ta gan shi. Ɗanta na tsaye a gefenta, ƙafafunsa na rawa, amma da ransa.

Ta ce, "Zo ka sha." Ba ta ce Baba ba, shi ma ya lura.

Da ya sha, ta ce, "Ba za mu karɓe labarin daga gidanku ba, don babu wanda ya san shi kamarka. Amma daga yau ya ƙaru. Za ka faɗi na kakanka, ka faɗi naka. Kada ka rage."

Da yamma yara suka taru kamar yadda aka saba. Kunkuru ya ba da labarin. Da ya kai wurin faɗuwar kakansa suka yi dariya, ya bar su suka yi ta ishe su. Sannan ya ci gaba, ya ce bayan shekaru masu yawa an yi wani kunkuru da ya ji kunyar wannan dariya, ya karkatar da hanya, har wani jariri ya kusa mutuwa a kan yashi.

Ɗan Gada, wanda bai san komai ba a ranar, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, wannan mugun kunkurun, ka san shi?"

Kunkuru ya ji wuyansa na ja da baya da kansa. Ya daure ya tsayar da shi a waje.

Ya ce, "Na san shi. Ni ne."

Darasin wannan labari shi ne, abin da aka ba ka amana ka isar, ka isar da shi yadda yake, ko da akwai abin kunyarka a ciki. Kuskuren magabata ba don a yi musu dariya kaɗai ake faɗarsa ba, alama ce da aka kafa don na baya su san inda rami yake. Wanda kuma ya guji ƙaramar kunya da ƙarya, babbarta na jiransa a gaba.